Jirgin Kawu: littafin aikin tayar da layin dogo na kan tebur

9 ga Nuwamba, 2024

Yau aka fito da kayan ƙaramin jirgin ƙasan wasa na Kawu, mai aiki da lantarki, daga sito zuwa ɗakin da ke bayan gareji. Teburin falle guda ne na filawud, ƙafa 8 a ƙafa 4, an raba shi biyu don ya shiga ƙofa. Kawu ya saye shi ne a hannun wani Bature ma'aikacin kuza a Bukuru, cikin shekarun 1970, lokacin da Turawan ma'adinai ke tattara nasu-ya-nasu suna komawa gida. Tun da ciwon gwiwa ya hana shi doguwar tsayuwa aka jingine teburin da bango, gara da ɓeraye suka ci gadonsa tun yana da rai.

Ga abin da ya tsira. Kan jirgi biyu, duka ƙirar Tri-ang ta Ingila: babba mai jan taragon kwal, an rubuta Princess Elizabeth a gefensa, da ƙarami baƙi mai ƙafa shida, irin wanda ake jera taragu da shi a cikin tasha. Taragun kaya lafiyarsu ƙalau in ban da datti. Na fasinja kuwa biyu daga ciki sun lanƙwashe kamar ayaba, kuma ba laifin sito ba ne. Robar da kamfanin ya fara aiki da ita a farkon shekarun 1950 haka take, tana tsukewa da tsufa, shi ya sa daga baya ya canza wata. Ba su da magani. Layin duka baƙin ƙarfe ne, ya yi ja da tsatsa. Akwatin ba da wuta wayarsa ta farfashe har ana ganin tagulla, na hana kowa jona shi.

Sauran kuma ƙauyen Ingila ne na kwali: coci mai doguwar hasumiya, gidaje masu jan rufi, da tumaki farare tas waɗanda ba su taɓa ganin hunturu ba.

23 ga Nuwamba

Filawud ɗin ba ya gyaruwa, in ka danna da yatsa sai ya burma. Na je kasuwar Katako da kafintan unguwarmu, muka zaɓo rabin inci da tu-bai-tu busassu. Da na ce masa ina son gicciye a ƙarƙashi kowane inci 16, kuma a huda kowanne don wucewar waya, sai ya dube ni ya ce, "Alhaji, ko gado ba a yi masa wannan ƙarfin. Wa zai kwanta a kai?" Ni ba nauyi nake tsoro ba, lanƙwasa nake tsoro. Ƙarfen dogon da tsayinsa bai kai milimita 3 ba, ɗan tudun da ido ba ya gani ya isa ya ɗaga ƙafar jirgi, wuta ta yanke.

An shafe katakon da maganin gara, sannan fenti ciki da baya, har bakin yanka. Katako a Jos ba ya zama wuri ɗaya: daga Afrilu zuwa Oktoba ya sha danshi ya kumbura, hunturu ya zo ya tsotse shi ya tsuke. In gefe ɗaya kaɗai aka shafe, ɗayan ya ci gaba da sha da fitarwa, sai falle ya bankare. Teburin kuma an janye shi daga bango, don in gara ta fara gini a ga hanyarta.

14 ga Disamba

Makon kawunan jirgi. Injin da ke cikinsu iri ɗaya ne, wanda ake kira X04, kuma a buɗe yake, komai nasa a fili: maganaɗisu a baya, naɗin waya mai juyawa a tsakiya, sai ɗan gangan tagulla mai tsaga uku inda burushin gawayi biyu ke gogawa su ba shi wuta. A bakin sandarsa akwai ƙarfe mai murɗi da ke tura haƙoran giyar da ke kan sandar ƙafafu. Shi ke nan. Duk mai haƙuri da ƙaramin sukurdireba zai iya da shi.

Ƙaramin jirgin datti ne kawai ya kwantar da shi. Tsohon mai ya daskare ya zama danƙo, na wanke da sifirit da auduga. Tsagogin tagullar sun toshe da garin gawayi, shi kuwa gawayi yana ɗaukar wuta, don haka sai ya haɗe ɓangarorin da ya kamata su kasance a rabe, injin ya riƙa zafi ba ƙarfi. Tsinken sakace ne kayan aikin wurin, ba allura ba, don allura tana ƙarce tagulla. Ƙarfen da ke danna burushi yana da 'yar rigar roba a hannu ɗaya, wadda ke hana wutar gefe biyu haɗuwa. Ta rududduge, na maye ta da ɓawon wayar tsohuwar cajar waya. Mai kuma na keken ɗinki ne, ɗigo a bakin allura, a kan ƙyallayen ulu biyu da ke riƙe wa sandar mai, sai ɗan kaɗan a giya. In mai ya taɓa tagullar nan hayaƙi za ka gani. Da batir na gwada, ya tashi ba gardama.

Babban ne ya ba da aiki. Yana juyawa, amma nan da nan ya yi zafin da ba ka iya riƙe shi, kuma yatsa ɗaya ya isa ya tsayar da ƙafafunsa. Mita ta nuna yana shan wuta ninki biyu na ƙaramin, alhali ba ya jan komai. Na kai wa wani mai gyaran rediyo a Dilimi, ya manna sukurdireba a bayan injin, ya ga ko riƙewa ba ya yi, ya ce, "Oga, maganaɗisun ne ya mutu." Irin waɗannan tsoffin maganaɗisun in aka zare su daga gidansu ba tare da an gitta musu ƙarfe ba, ƙarfinsu yana zubewa nan take, kuma kan sukurun ya nuna an taɓa kwancewa a wani zamani. Maganaɗisu in ya yi rauni injin ya fi shan wuta, ƙarshenta naɗin wayar ya ƙone. Mun jera ƙananan maganaɗisu na zamani masu ƙarfi a gurbinsa, muka cike ratar da ɗan ƙarfe. Abu ɗaya ake kiyayewa: in aka juya fuskarsu, wannan jirgi zai riƙa yin baya lokacin da ɗan'uwansa ke yin gaba a kan layi ɗaya.

28 ga Disamba

Tsohon akwatin wutar ya yi ritaya. Jiragen nan bolt 12 suke ci, wuta mai tafiya hanya ɗaya, kuma ta cikin dogo biyun take isa gare su: ta shiga ta ƙafafun gefe ɗaya ta fita ta ɗayan. A ƙara ta jirgi ya ƙara gudu, a juya ta ya koma baya. To bolt 12 kuwa ai shi ne batirin sola da ke gidan, ba sai an jira a kawo wuta ba. Mai gyaran rediyon ya haɗa mini ɗan akwati mai abin murɗawa na rage gudu da makunnin juya hanya.

Batir yana da haɗarin da taransifoma ba ta da shi. In tsinken ƙarfe ya faɗa ya gitta dogo biyu, batir zai turo duk abin da ke cikinsa har waya ta narke. Saboda haka akwai fis a bakin batirin, sannan ƙwan sigina na mota mai wat 21 a kan hanyar wutar. Lokacin da jirgi ke tafiya lafiya ƙwan ko ja ba ya yi. In wuta ta haɗu sai ya haska, ya shanye ƙarfin, kai kuma ka san akwai matsala. Tsohuwar dabara ce ta masu wannan sha'awa, kuma ban ga ta zamani da ta fi ta sauƙi ba.

11 ga Janairu, 2025

Sabon layi ya iso ta hannun wani ɗan'uwa da ya dawo daga Ingila, ƙirar Peco, mai dogon farin ƙarfe gamin tagulla da nikel. Kuɗinsa a naira ba abin faɗa wa uwargida ba ne. Na so in kankare tsohon in mayar, amma baƙin ƙarfen da tsatsa ta riga ta rarake, ko ka goge shi yau damina ɗaya ta ishe shi. Sanfefa kuma ƙara ɓata shi take yi, don tana barin ƙananan kwaruruka inda datti ke zama. Farin ƙarfen ba ya tsatsa, dushewa kawai yake yi, kuma ko ya dushe wuta tana wucewa.

Akwai abin da aka rasa. Tri-ang sun sa wa wasu jiragensu maganaɗisu kusa da ƙafafu don ya riƙa jawo su ga dogon baƙin ƙarfe, su sami kamun hawa tudu. A kan farin ƙarfe wannan dabara ba ta aiki, sai dai a ƙara wa jirgi nauyi. Na cusa dalma a duk gurbin da ke cikin gangar babban.

Da gangan na bari sai tsakiyar hunturu kafin shimfiɗa layi. Yanzu katako ya gama tsukewa. Wanda ya shimfiɗa a Agusta ya matse mahaɗai, in Janairu ya zo teburin zai tsuke a ƙarƙashin dogo, dogon ya rasa inda za shi, sai ya karkace gefe. Ni kuma abin da ke jirana akasin haka ne: da damina mahaɗan za su buɗe. Don haka ban dogara da 'yan ƙarafan haɗi su kai wuta ba. Kowane gutsuren layi na manna masa wayarsa biyu da dalma, suka ratsa tebur suka sauka ga manyan wayoyi biyu da ke zagaye a ƙasa. Aiki ne mai cin ƙashin baya. A kowace mahaɗa na bar ratar kaurin katin waya saboda zafin Maris. Kwanar da ta fi matsewa milimita 438 ce daga tsakiya, don babban jirgin ba ya son ƙasa da haka.

25 ga Janairu

Jirgi ya zagaya. Washegari kuma ya ƙi, yana tafiya yana tuntuɓe. Ƙura ce. Hazon bana ya yi kauri, kuma jirgin da bai kai rabin kilo ba ba shi da nauyin da zai murƙushe ƙura ya taɓa ƙarfe. Tartsatsin da ke tashi tsakanin ƙafa da dogo sai ya dafa ƙurar da ɗan mai, ta zama baƙin danƙo a ƙafafun taragu, su kuma su shafe layin da shi. Tsoffin ƙafafun roba sun fi kowa wannan ta'asa. Yanzu doka ta kafu: kafin a kunna, ƙyallen tsohuwar singileti da sifirit, ɗana Abba ne mai wannan muƙami. In an gama a rufe da zanin gado a kan ƙarafan labule, kada ya taɓa komai. Tagar ɗakin an liƙe ta da leda sai bayan hunturu.

15 ga Fabrairu

An ɗauko Kawu a mota, aka sa masa kujera a bakin tebur. Tsohon fita ne, wato mai gyaran injina, a reluwe, ya yi aiki a Kafanchan kafin a dawo da shi Jos. Ya kalli babban jirgin yana jan taragu, bai ce komai ba har ya wuce gabansa ya sake wucewa. Sannan ya ce, "Ɗana, ka yi ƙoƙari, yana tafiya. Amma ba namu ba ne. Dubi yadda ya ware ƙafa. Namu ƙafa uku da rabi ne."

Da daddare na ɗauki biro, kuma lissafi ya ba shi gaskiya. Ma'aunin kayan nan, wanda ake kira OO, kashi 1 ne cikin 76, layin kuma faɗinsa milimita 16.5. Tsohon layin Nijeriya milimita 1,067 ne, in ka raba da 76 ya ba ka 14. Ke nan layina ya yi wa jirginmu faɗi. Abin dariyar shi ne su ma Turawan Ingila ya yi musu kaɗan, don nasu mai 1,435 kusan 19 yake buƙata, kuma haka suke ta haƙuri da shi tun tuni. Inda 16.5 ya yi daidai da 1,435 shi ne ma'aunin HO, 1 cikin 87, wato wanda ke son kwaikwayon jirgin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 ba shi da damuwa. Mai son tsohon layinmu a kan wannan faɗi kuwa sai ya gina komai a 1 cikin 64, kamar yadda masu wannan sha'awa ke yi a New Zealand, inda layinsu irin namu ne. Wannan na nufin in ƙera kowane tarago da hannuna. Ba zan yi ba. Milimita biyu da rabi ba za su sa in watsar da jiragen Kawu ba.

Amma ƙauyen Ingila zai tafi. Ban taɓa ganinsa ba, ban san launin ƙasarsa ba, kuma duk abin da na gina a kansa kwaikwayon hoton wani ne.

Kawu ne ya ba ni abin da zai maye shi. Ya tuna ƙaramin jirgin Zariya, wanda ya hau yana yaro, ya ce in ya kama tudu har mutum kan iya sauka ya bi shi da ƙafa. Wannan shi ne layin da ake kira Bauchi Light Railway, mai faɗin ƙafa biyu da rabi, milimita 762, wanda aka shimfiɗa don kwasar kuza, ya iso Jos da Bukuru a 1914. A 1927 babban layi ya hauro daga Kafanchan, aka faɗaɗa tsakanin Bukuru da Jos, ƙaramin ya tsaya a Jos har aka rufe shi a 1957. Da farko mararrabar Kuru na yi niyyar kwaikwaya, inda layin Maiduguri ya rabu, amma wancan an fara shi ne a 1958, bayan ƙaramin jirgi ya riga ya mutu, ya isa Maiduguri a 1964. Tashar Jos tsakanin 1927 da 1957 ita ce inda babba da ƙarami suka zauna tare shekara 30, don haka ita zan kwaikwaya. Kuma 762 in aka raba da 76 milimita 10 ne, ga shi ana sayar da layi mai milimita 9. Wannan karon kuskuren milimita ɗaya ne kacal.

Matsala ɗaya: Jos ƙarshen layi ce, shi ya sa har yau ake ce wa unguwar Taminus, ni kuma layina zobe ne. Zan ɓoye rabin zoben na baya a bayan duwatsu.

15 ga Maris

Azumi. Ba a taɓa komai ba sai share ƙura. An kwashe gidajen kwali an sa a akwati, tumakin kuma Abba ya ce nasa ne.

12 ga Afrilu

Na je gidan tarihi na Jos da tef da littafi. Mutane sun fi saninsa da gumakan Nok, waɗanda aikin kuza ne ya fara tono su, kuma Bernard Fagg ne ya kafa gidan a 1952. Ni tsoffin kawunan jirgi da taragun ƙaramin layin da ke ajiye a harabar na je gani. Abin da hoto ba ya nuna maka shi ne ƙanƙantarsu: namiji tsaye a ƙasa yana leƙa cikin ɗakin direba ba tare da ya yi ɗage sosai ba. Na auna faɗin tarago da tsayin ƙasansa daga dogo, na zana yadda rufin ya zarce bango saboda rana da ruwa. Wani mai gadi ya tsaya yana kallona, can ya ce, "Malam, sayen sa za ka yi ne?"

17 ga Mayu

Tsakuwar layi. Wadda ake sayarwa a Turai toka-toka ce mai tsabta, ba ruwanta da nan. Wani maƙwabci ya kawo mini yashin wurin wankin kuza, launinsa ya yi kyau, amma na mayar masa. Na ɗaya, da na ratsa maganaɗisu a ciki sai ya fito da baƙin gemu, kuma injin da ke buɗe da sabon maganaɗisu mai ƙarfi zai tsince wannan baƙin yashi ɗaya bayan ɗaya ya kai cikin giya. Na biyu, ragowar wankin kuza a Filato tana ɗauke da ma'adinai masu fitar da tururin nukiliya, ba abin da za a rairaye a rufaffen ɗaki da yaro a gefe ba ne.

Garin dutse na samo daga masu fasa dutse, na tace da rariyar shayi, na wanke, na shanya, na bi shi da maganaɗisu shi ma har ya daina kama komai. Ana zuba shi a bushe, a daidaita da burushin fenti, a fesa ruwa mai ɗigon sabulun wanke-wanke don ya jiƙe ba tare da ya taso ba, sannan a ɗiga farin gam na kafintoci da aka sirka rabi da rabi da ruwa. In ba sabulun, gam ɗin dunƙulewa yake a sama ya tafi da tsakuwar. Wurin sauya layi kuwa ba a kusantarsa da gam ko kaɗan. Gefen layi jar ƙasa ce daga bayan gida, an soya ta a tsohon kasko don kashe ƙwayayen ƙwari.

21 ga Yuni

Duwatsun farin soson kwalin firij ne, an sassaƙa, an lulluɓe da takarda da gam. Duwatsun Filato ba tsini gare su ba, ƙwallaye ne a ɗore kan juna irin na Riyom, kuma ba launi ɗaya ba ne: toka a sama, baƙin zane inda ruwa ke gangarowa, ja a gindi inda ƙasa ta fantsama. Shingen ƙerana da ke zagaye gonaki a ƙauyukan Berom na yi shi da wayar tagulla da aka murɗe aka tsoma a fenti mai kauri. Akwai tulin ƙasar haƙa guda biyu da kududdufi a tsakaninsu, ruwansa fenti ne kore-kore da banish mai ƙyalli a kai, don ruwan ramin kuza ba shuɗi ba ne. Buhunan kuza a dandamalin kaya ƙanana na yi su. Kuza nauyi gare ta, ba a cika babban buhu da ita.

16 ga Agusta

Ruwa ba dare ba rana. Mahaɗan layi sun buɗe kamar yadda aka zata, ta gefen taga har farce yana shiga, amma jirgi bai tsaya ko'ina ba tunda kowane gutsure da wayarsa. Wurin sauya layi na bakin tasha ya cije, don katakon ya kumbura ya matse ramin da sandar turawa ke bi, na buɗa shi da zarto. Sandunan ƙafafun taragun kaya sun fara nuna ja, an goge an shafa musu mai, kawunan jirgi kuma yanzu a akwatin roba suke kwana tare da 'yan jakunkunan tsotse danshi na cikin kwalin takalmi.

Layin milimita 9 ya iso, da ƙashin ƙaramin inji wanda zan ɗora wa gangar da na zana a gidan tarihi. Na gwada shi a kan katako mai gangara. Hawan 1 cikin 50 yana jan taragu uku, a 1 cikin 30 ƙafafunsa sulɓi suke ko da ɗaya. Ina son ƙaramin layin ya ɓullo daga tsakanin duwatsu santimita 5 sama da tasha, kuma a 1 cikin 50 wannan yana cin mita biyu da rabi, teburin kuwa duka tsawonsa mita 2.44 ne. Ke nan dole gangarar ta fara tun daga kwanar baya, a bayan tulin ƙasa na hagu, kuma kwana tana ƙara wa jirgi nauyin ja. Asabar mai zuwa zan yanka kwali in gwada kwanar kafin in taɓa filawud. Launin taragun fasinja kuma yana jiran Kawu: ya ce a kawo masa fenti kala-kala a shafa a katako, in ya gani zai gane.